SABABBIN DOKOKIN WUTA, BASHI DA ƘWADAGO: INA MATSAYIN MUTUMIN GURI?

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara na ƙungiya





Kwamitin shirya taro ya ɗora mana nauyin yin tsokaci a kan sauye-sauyen da aka yi wa dokokin ƙasar nan a 'yan shekarun nan, musamman waɗanda suka shafi makamashi, da karayar arziki, da kuma ƙwadago. Wani zai iya cewa, ina ruwan manomin fadama ko masuncin Guri da dokar da aka rattaba wa hannu a Abuja? Amsa ita ce, duk wanda ya sayi fetur ya zuba wa injin ban-ruwa, ko ya ajiye kuɗin shinkafarsa a banki, ko ɗansa ke aiki a wata masaƙa a Kano, to waɗannan dokoki sun riga sun shigo gidansa, ko ya sani ko bai sani ba. Hausawa kuwa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Da muka zauna muka dubi dokokin nan ɗaya bayan ɗaya, sai muka tarar da cewa duk sun haɗu a kan abu guda: suna kare wanda yake riƙe da takarda, wanda aka san sunansa a rajista, kuma ya kai kukansa a rubuce ta ƙofar da aka tanada. Wanda ya dogara ga alkawarin baka kaɗai, komai gaskiyarsa, yakan tsaya a bayan layi. Wannan shi ne jigon jawabinmu, kuma a kansa za mu bi batutuwan uku.

NA FARKO: WUTAR LANTARKI DA MAN FETUR

Manya daga cikinmu sun san zamanin NEPA. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ce ta rushe ta, aka kafa PHCN, sa'an nan a ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa. Mu nan Jigawa, tare da Kano da Katsina, muka faɗa hannun kamfanin KEDCO, gwamnati ta riƙe kashi 40 cikin ɗari na hannun jari. Hukumar NERC kuwa ita ce alƙaliya tsakanin kamfani da mai amfani da wuta.

A shekarar 2023 aka yi babban sauyi. A watan Maris, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulki wanda ya bai wa jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta ko da a wuraren da babban layin ƙasa ya kai. A watan Yuni kuma Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lantarki ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 2005. Bisa ga wannan doka, jihar da ta yi tata dokar, ta kafa tata hukumar, tana iya karɓar ragamar kula da kasuwar wuta a cikin iyakokinta. Jihohin Enugu da Ekiti da Ondo su ne suka fara bin wannan hanya a watan Afrilun 2024. Ma'anar wannan gare mu ita ce, maganar wuta ta daina zama ta Abuja kaɗai. Ta zama magana da za mu iya tuntuɓar ɗan majalisarmu na jiha a kanta, mu tambaye shi wane tanadi aka yi wa Kadira da Abunabo da Adiyani da Musari da sauran garuruwanmu.

Akwai wani sashe na dokar da ya dace kowa ya riƙe. Mutum ko ƙungiya na iya samar da wutar da ba ta wuce megawat 1 ba a wuri guda, ko rarraba wadda ba ta wuce kilowat 100 ba, ba tare da neman babban lasisi ba. Wannan ita ce ƙofar da ƙananan tashoshin sola suke shigowa ƙauyuka ta cikinta. Hukumar Samar da Wuta a Karkara, wato REA, ita ke jagorantar wannan aiki, kuma a watan Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin faɗaɗa shi a Nijeriya. Ba za mu manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layuka ta jefa galibin Arewa cikin duhu kwana da kwanaki, masu ƙanƙara da masu walda da masu injin casa suka zauna hannu rabbana. Garin da yake da tasa ƙaramar tasha bai ji wannan raɗaɗi kamar sauran ba.

Sai dai fa a nan ne takarda take shigowa. Ƙa'idojin NERC na ƙananan tashoshi, waɗanda aka sabunta a 2023, sun tanadi cewa sai mai kamfani ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar gari, inda kuwa akwai turakun kamfanin rarraba wuta, yarjejeniyar ta zama ta ɓangarori uku. Duk ranar da irin wannan kamfani ya sallama a ƙofar dagaci, kada murna ta sa a dangwala hannu kafin a karanta. A tambayi nawa ne kuɗin yunit, yaushe za a iya ƙara shi, shekara nawa yarjejeniyar za ta yi, filin da aka bayar aro ne ko kyauta, kuma wa zai gyara idan batir ya mutu. Tun ran gini ake zane.

Game da wutar da muke sha daga babban layi kuwa, tun 2020 aka kasa masu amfani da ita rukuni biyar gwargwadon awannin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A ranar 3 ga Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, kafin a ɗan sassauta shi daga baya. Ya kamata kowane mai injin niƙa ko casa ya san rukunin da aka sa layinsa, domin a kansa ake yi masa lissafi. Haka kuma tun watan Fabrairun 2020 hukumar ta sa iyaka ga kuɗin ƙiyasi da za a iya rubuta wa wanda ba shi da mita, kuma ba a yanke wa mutum wuta saboda bashi sai an sanar da shi a rubuce.

Wani abin da ya daɗe yana cin aljihun talakan karkara shi ne karo-karon sayen taransifoma da turaku da waya. A ƙa'idar hukumar, wannan nauyi ne na kamfani. Idan al'umma ta ga ba za ta iya jira ba, ta zaɓi ta saya da kuɗinta, ƙa'idar zuba jari ta 2015 ta ce a fara rubuta yarjejeniya da kamfanin a kan yadda za a mayar da kuɗin. In babu wannan takarda, kayan sun shiga layin kamfani, kuɗin kuma sun bi ruwa. Mai ƙorafi zai fara da ofishin ƙorafi na kamfanin, a rubuce, ya riƙe kwafi mai hatimi. In kwanakin aiki 15 suka wuce ba a share masa hawaye ba, sai ya garzaya zauren sasantawa na NERC, daga nan kuma zuwa hukumar kanta. A jihar da ta karɓi ragama, hukumar jihar ce take gadon wannan aiki. Mu kuma mu sani cewa dokar 2023 ta tanadi tara da ɗauri ga mai satar wuta da mai lalata kayanta, don haka wanda zai kai ƙara ya tabbata hannunsa a wanke yake.

Ta fuskar man fetur, Dokar Masana'antar Man Fetur da aka sa wa hannu a watan Agustan 2021 ta mayar da NNPC kamfani, ta kuma share fagen barin kasuwa ta yanke farashi. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka bayyana janye tallafi, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kuma a 2024 ta haye naira 1,000 a wurare da yawa. Babu wanda ya ji wannan a jikinsa kamar manomin rani na ƙasar Haɗejia, wanda shinkafarsa da alkamarsa da tattasansa suke shan ruwa da ƙarfin inji, ga kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ga ambaliya irin ta 2022 tana zuwa ba sallama. Shi ya sa da yawa suka koma ga injin sola. Amma injin sola jari ne mai nauyi, galibi da rance ake sayensa. Wannan kuwa ya kai mu ga batu na biyu.

NA BIYU: BASHI DA KARAYAR ARZIKI

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, har da manyan kamfanoni. Misali mafi kusa da mu shi ne kamfanin da ke ba mu wuta. Waɗanda suka saye shi a 2013 da rancen banki suka saya. Da biya ya gagara, a watan Yulin 2022 bankin Fidelity ya karɓe hannun jarin da aka jinginar masa, aka sauya hukumar gudanarwa da amincewar NERC da hukumar sayar da kadarorin gwamnati, daga bisani sababbin masu zuba jari suka shigo. Abin lura shi ne ba a rufe kamfanin ba, wuta ba ta ɗauke saboda haka ba. Wannan shi ne sabon tunanin da dokokinmu suka runguma, wato a ceci sana'ar da ke da sauran numfashi maimakon a yi gwanjon kayanta.

Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda aka sa wa hannu ranar 7 ga Agusta, ta maye gurbin ta 1990, ta kuma kawo hanyoyi biyu da babu su a da. Ta farko ita ce kamfanin da bashi ya yi wa katutu ya zauna da masu binsa, su amince a kan ragi ko jinkiri, yarjejeniyar ta hau kan kowa idan mafi rinjaye suka yarda. Ta biyu ita ce a naɗa ƙwararren mai riƙo ya karɓi ragamar kamfanin na wani lokaci, a dakatar da masu bin bashi daga kwashe kaya har a ga ko zai farfaɗo. In duk wannan ya ci tura, sai a rushe kamfanin a raba abin da ya rage.

A wajen rabon nan ne ya kamata mu buɗe kunne. Wanda aka jinginar wa takamaimiyar kadara, kamar fili ko gini, daga kadarar zai ɗauki nasa. Albashin ma'aikata da kuɗin fanshon da aka cire musu da harajin hukuma suna cikin waɗanda doka ta fifita. Mai bin bashi na gama-gari shi ne a ƙarshen layi. To wane ne mai bin bashi na gama-gari? Shi ne manomin da ya loda wa kamfanin casa buhu ɗari na shanshera a kan za a biya shi bayan mako biyu. Ko a ƙarshen layin ma, ba za a sa sunansa ba sai ya gabatar da shaidar bashin ga mai rabon. Wanda ke da takardar awo da rasit mai sa hannu zai samu gwargwadon rabonsa. Wanda abin da yake da shi kawai shi ne "ai mun saba da Alhaji", sai dai haƙuri. Addininmu ya riga kowa faɗar wannan, domin aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun yi babi guda a kan hukuncin muflisi da yadda alƙali ke raba dukiyarsa. Rubuta bashi ba rashin yarda ba ne, kiyaye zumunci ne.

Dokar 2020 ta kuma yi wa ƙananan 'yan kasuwa gata. Yanzu mutum ɗaya tak yana iya yi wa kamfaninsa rajista a hukumar CAC, ba sai ya nemo abokin tarayya ba. A fahimci bambanci: wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, shi da kasuwancinsa abu ɗaya ne, in bashi ya taso har gidansa da gonarsa ana iya bi. Wanda ya kafa kamfani mai iyakantaccen alhaki kuwa, dukiyar kamfani daban, tasa daban, sai fa in ya sa hannu da kansa ya tsaya wa rancen, ko aka same shi da ha'inci. Shi kuwa mutum a karan kansa, har yanzu Dokar Fatara ta 1979 ce ke aiki a kansa, a gaban Babbar Kotun Tarayya, kuma tsarin mulki ya hana wanda aka ayyana a matsayin fataracce tsayawa takarar majalisa ko gwamna har sai an wanke shi.

Ga masu karɓar rancen noma, zamanin ɗaukar kuɗin gwamnati a matsayin ganima ya wuce. Shirin rancen manoma da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya shigo har ƙasarmu, wasu sun biya, wasu ambaliya ta cinye gonakinsu, wasu kuma sun yi biris. Tun daga 1 ga Agusta 2020, Babban Banki ya ba bankuna damar bin lambar BVN ta wanda ya ƙi biya, su cire kuɗin daga duk wani asusunsa a kowane banki, bisa izinin da ya sa wa hannu ranar karɓar rance. Wanda bala'i ya afka wa gonarsa, ya sanar da bankin a rubuce tun ruwa bai janye ba, ya haɗa da hoto da shaidar malamin gona, ya nemi a sake tsara masa biya. Shiru ba ya biyan bashi. Haka kuma wanda aka roƙa ya tsaya wa wani, ya san cewa sa hannunsa ɗaukar kaya ne, ba gaisuwa ba. A gefe guda kuma, dokar jinginar da kadarori masu motsi ta 2017 ta ba da damar a karɓi rance da shanu ko inji ko amfanin gona, ba lallai sai da takardar fili ba.

Banki ma yana karyewa. A watan Mayun 2023 Babban Banki ya soke lasisin ƙananan bankuna 179, a ranar 3 ga Yuni 2024 kuma ya soke na bankin Heritage. Hukumar inshorar ajiya, NDIC, ita ke biyan masu ajiya, kuma a 2024 ta ɗaga abin da take lamuncewa daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 a manyan bankuna, daga naira 200,000 zuwa miliyan 2 a ƙananan bankuna. Waɗanda BVN ɗinsu ke haɗe da wani asusu a wani banki sun ga kuɗinsu ba tare da wahala ba, masu sama da miliyan 5 kuwa sai da suka jira a sayar da kadarori. Darasi a nan shi ne a gyara suna ya zama iri ɗaya a kowace takarda, kuma kada a tara ƙwai duka a kwando guda. Wannan lamuni bai shafi masu zuwa da alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda ba. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a watan Afrilun 2025. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tara mai tsanani da ɗaurin da ya kai shekara 10 ga masu shirya irin wannan, amma ɗaure ɓarawo ba ya dawo da kuɗin marayu. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

NA UKU: HAƘƘIN MA'AIKACI

'Ya'yanmu da yawa suna cin abinci a ƙarƙashin wasu: a masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, a wuraren gine-gine na Abuja, a aikin gadi a Legas, a gidajen mai da makarantu masu zaman kansu a Haɗejia. A ranar 29 ga Yuli 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa naira 70,000, aka kuma rage wa'adin sake duba shi daga shekara biyar zuwa uku. Gwamnatin Jigawa ta amince da shi a ƙarshen wannan shekarar. Sai dai dokar ba ta hau kan kowa ba. Ta keɓe wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin wucin gadi na 'yan awanni, da waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da suka yi, da masu aikin da ke bin yanayi kamar ƙwadagon gona. Saboda haka kafin matashi ya ɗaga murya, ya fara sanin ko yana cikin waɗanda dokar ta rufa.

Abin da ya hau kan kowane mai ɗaukar lebura ko akawu shi ne tsohuwar Dokar Ƙwadago, wadda ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai bayyana irin aikinsa da albashinsa da sharuɗɗan rabuwa. Ta kuma ƙayyade wa'adin sanarwa kafin sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai aiki ya zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF, domin wanda inji ya datse wa hannu ko ya faɗo daga bene ya samu magani da diyya, in ya rasu iyalinsa su samu. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8, a asusu mai sunan ma'aikacin. Mu da muka yi aikin koyarwa mun san darajar wannan, domin tsarin fansho na karo-karo da Jigawa ta kafa tun farkon shekarun 2000 ya rufa wa dattawa da yawa asiri. Tun 2019 kuma an buɗe wa masu sana'ar hannu, tela da direba da mai kifi, ƙofar yin nasu tanadin da kaɗan-kaɗan. Har ila yau, sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, mai fara aiki daga 1 ga Janairu 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara. Kowane ma'aikaci ya riƙa duba takardar albashinsa.

In rikici ya taso, gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron shari'un ƙwadago ita kaɗai, tana kuma da reshe a Kano. Wannan kotu ta sha yanke hukuncin cewa bai dace a kori mutum ba tare da dalili ba, tana dogaro da ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Amma tambayar farko da za a yi wa mai ƙara ita ce, ina shaidar cewa ka yi aiki a nan? Takardar ɗauka, katin shaida, saƙon banki na shigar albashi, waɗannan su ne makamansa. Mai ƙaramin ƙarfi kuma yana iya neman lauya kyauta a Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Kada mu manta cewa mu ma iyayen gida ne. Muna ɗaukar masu dashe da masu yankan shinkafa, muna da yaran shago da masu kiwo. Ko da dokar Abuja ta keɓe su, haƙƙinsu yana wuyanmu. A yanke lada kafin a shiga gona, a biya a kan lokaci, kuma yaron da ya kamata ya kasance a aji kada a same shi yana korar tsuntsu a fadama da hantsi.

SHAWARWARI

Bisa ga abin da ya gabata, muna miƙa wa wannan zaure shawarwari biyar.

Na ɗaya, a kafa ƙaramin kwamiti na 'ya'yan ƙasar nan masu ilimin shari'a da banki da injiniyanci, wanda za a riƙa nuna wa duk wata yarjejeniya kafin wani gari ya sa hannu.

Na biyu, kowace mazaɓa daga cikin goma da muke da su ta buɗe littafin wuta, a riƙa rubuta ranar da aka kawo da awannin da ta yi, da duk kuɗin da aka tara da rasit ɗinsa. Ƙorafin da ke tafe da lissafi ya fi na fatar baki nauyi.

Na uku, manoma da masunta su yi wa ƙungiyoyinsu na gama-kai rajista, su sayi injin sola tare, su sayar da amfani tare, da takarda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, rassanmu na birane su san inda kowane matashinmu yake aiki, su taimaka masa ya karɓi takardar ɗauka, su tsaya masa in an zalunce shi.

Na biyar, malaman makaranta da limamai su taimaka wajen isar da wannan bayani ga waɗanda ba su halarta ba, musamman mata, waɗanda adashinsu da 'yan kuɗin sana'arsu su ne suka fi saurin faɗawa hannun mayaudara.

Daga ƙarshe, ya ku 'yan'uwa, iyayenmu sun yi zamaninsu da amana da riƙon alkawari, kuma ba mu ce a yar da wannan gado ba. Abin da muke cewa shi ne a ƙara masa alƙalami, domin waɗanda muke hulɗa da su a yau, kamfani da banki da hukuma, ba su san asalin kowa ba, takarda suka sani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga ambaliya da ƙangin bashi, ya albarkaci zuriyarmu, ya ɗaukaka Guri da masarautar Haɗejia da Jihar Jigawa da Nijeriya baki ɗaya.